Ƙadangaren Maiwada da Awon Rake

Ku gyara zama in ba ku labarin Maiwada mai walda na Likoro, mutumin da tun da ya yi wayo ba a taɓa jin ya ce "ban sani ba". Allah ya ba shi hannu, wannan ba musu. In garmarka ta karye ko ƙyauren gidanka ya ɓalle, zai liƙe maka shi ya fi sabo ƙarfi. Sai dai bakinsa kullum yana gaban hannunsa da tafiyar yini guda. Shi ya raɗa wa kansa suna Injiniya, ya rubuta da jan fenti a ƙofar shago, wanda duk ya kira shi Maiwada kawai sai ya yi kamar bai ji ba.

Wata shekara ya ga waɗansu Turawa a waya suna hawa duwatsu da motoci masu dogayen ƙafafu. Ya kalla sau uku, ya ajiye wayar, ya ce, "Wannan ai wasan yara ne." Ya tattaro gangar jikin wata matacciyar akori-kura, da tsohon injin niƙa mai shan gas, da tayoyi huɗu waɗanda babu biyu masu kama da juna, da kujerar wanzami mai juyawa. Ya haɗa ya liƙe, ya kewaye kujerar da kejin ƙarfe, ya sa wa abin suna Ƙadangare, don a cewarsa ba dutsen da zai gagare shi. Shekara biyu Ƙadangare yana yawo a gari, tayoyin baya kaɗai ke ja, kuma abu mafi tsawo da ya taɓa hawa shi ne jujin bayan kasuwa. Shi ma da baya ya sauko.

Surukinsa kuwa, Malam Bobbo, mahaifin matarsa Hussaina, dattijo ne mai sana'ar mazarƙwaila. Yana da injin matsar rake a wani fili gindin tsamiya, da tsohon dokinsa Akawal wanda ake ɗaura wa dogon itace yana zagayawa, injin na matse raken, ruwan na zuba, a dafa a manyan kasake har ya daskare. Gonar rakensa tana fadama, bayan wani dutse da ake kira Dutsen Gwauro don shi kaɗai yake tsaye. Jakuna ke zagaye dutsen su kawo rake kaɗan-kaɗan. Ƙa'idar aikin tun kakanni ita ce ba a sare sai abin da doki zai iya matsewa, domin rake in ya kwana uku huɗu a yashe, sai ya bushe ya yi tsami, mazarƙwailarsa ko kyauta ba mai so.

Da rake ya nuna, Maiwada ya je gaida suruki. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, aka yi gaisuwa har aka tambayi lafiyar kaji. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, bana jakuna su huta. Zan sa wa Ƙadangare ja a ƙafa huɗu, in sake masa sitiyari. Ta kan dutse zan bi. Abin da jaki ke kawowa a mako, ni kafin azahar."

Akwai mutane zaune a wurin, kuma dattijo ba ya mayar wa suruki magana a gaban jama'a. Malam Bobbo ya shafa gemu ya ce, "To. A sare kunya goma a gwada. Allah ya yi albarka."

Kunya goma ya ce. Amma kafin Maiwada ya kai gida, kunya goma ta yi masa kaɗan. Ya bi gida-gida ya kira gayya ranar Asabar ta sama, ya ce wa matasa gonar duka za a kwantar. Ya biya wajen masu jakuna ya ce su nemi wani aikin.

Maƙwabcinsa Markus, wanda ya shekara ashirin yana tuƙin tarakta kafin gwiwa ta zaunar da shi, ya leƙo ta kan katanga ya ce, "Injiniya, na ji gonar duka za a sare. To in ka kwaso ta rana ɗaya, Akawal zai matse ta rana ɗaya ne?"

"Wannan matsalar doki ce," in ji Maiwada. "Ni injiniyan mota ne."

"Malam ya sani?"

"Zai gani. Gani ya fi daɗi."

Aka shiga aiki. Maiwada ya samo aksul ɗin gaba na wata tsohuwar motar daji, wato ƙarfen da ke ɗauke da tayoyin gaba yana juya su. Ya ƙara giyabos na biyu a bayan na farko, don Ƙadangare ya riƙa tafiya a hankali da ƙarfin shanu ashirin. Da ya zo ɗaura aksul ɗin, sai ya ga bakinsa bai fuskanci farfela ba, wato dogon ƙarfen da ke kawo juyi daga giyabos. Bai yi wata-wata ba ya kifa shi, cikinsa ya koma sama, ya liƙe.

Markus ya zagayo da kofin shayinsa, ya duba, ya ce, "Ka kifa shi."

"Na daidaita shi."

"In ka kifa shi, baya zai riƙa juyawa."

"Markus, tarakta ka tuƙa. Ita gona take bi. Wannan ilimin dutse ne."

Da hantsi aka turo Ƙadangare ƙofar gida. Maiwada ya juya hannun inji, ya tashi da tari da baƙin hayaƙi, ya haye kujerar wanzami, ya danna giya. Tayoyin baya suka ce gaba, tayoyin gaba suka ce baya. Ƙadangare ya tsaya wuri ɗaya yana karkarwa kamar mai zazzaɓi, ƙasa na tashi ta gaba da ta baya, shi kuwa yana nutsewa a hankali. Kafin Maiwada ya lalubo abin da zai taka, motar ta haƙa wa kanta rami har cibiya, kuloci ya ƙone, warinsa ya cika unguwa.

Hussaina ta fito da muciya a hannu, ta tsaya bakin zaure tana kallo. Ta ce, "Maigida, dutse aka ce za ka hau, ko rijiya za ka haƙa mana? In rijiya ce ka matsa kusa da madafa."

"Ƙarfinsa nake aunawa," in ji Maiwada daga cikin rami. "Kin ga yadda ya ci ƙasa? To haka zai ci dutse."

Sai da aka kira majiya ƙarfi takwas aka ciro shi. Maiwada ya kwance aksul ya mayar da shi yadda Markus ya faɗa, yana aikin yana cewa daman haka ya yi niyya. Kulocin da ya ƙone kuwa bai saya sabo ba, ya liƙe shi da walda gaba ɗaya. Daga ranar, giya sai a danna ta da ƙarfi ta shiga da ƙara, fitar da ita kuwa sai an kashe inji, makashin injin kuma yana can baya, bayan keji. Da Markus ya tambayi birki, Maiwada ya ce, "Mai hawa dutse ba ya tsayawa. Wanda ya yi niyyar tsayawa ya zauna gida."

Saura sitiyari. Ya samo akwatin sitiyarin wata babbar mota, ya ɗaura shi inda ya sami wuri. Ranar Litinin aka sake gwaji. A daidai lokacin Selina matar Markus, wadda kowa ke kira Maman Serah, ta baza shanyar barkononta a kan tabarmi hagu da hanya, barkonon da ta yi wata uku tana tsinka.

Maiwada ya hango shanyar ya ɗaga mata hannu. "Kada ki damu, Maman Serah, dama zan yi!"

Ya murza sitiyari dama. Ƙadangare ya yi hagu.

Ya ƙara murzawa dama da ƙarfi. Ƙadangare ya ƙara yin hagu da biyayya, ya hau tabarmi a hankali, ba gaggawa, tayoyi huɗu duka suna ja kamar yadda aka yi alkawari. Busasshen barkono ya dake ya tashi sama. Maiwada ya yi atishawa, Markus ya yi, awaki suka yi, wani mai keke da ke wucewa ya yi har ya faɗa kwata. Ƙadangare bai tsaya ba sai da ya tokari kututturen dalbejiya injin ya mutu don kansa.

Maman Serah ta zo da gyale a hanci, idanu jajur. "Injiniya, ka ce dama!"

"Dama na yi. Shi ne bai ji ba."

"To tun da ka daka mini, saura ka kawo gishiri da ƙuli in haɗa yaji. Kai da motarka ku zo ku tankaɗe!"

"Ki yi haƙuri, ilimi sai da gwaji."

"Gwada a gonar surukinka!"

"Can za ni," in ji shi, yana share hawaye.

Markus, yana tari yana dariya, ya nuna masa cewa hannun akwatin sitiyarin ne ke kallon inda bai kamata ba. In an juya shi, dama za ta zama dama. Sai dai in an juya, tsohon ƙarfen da ke haɗa sitiyari da tayar gaba ba zai kai ba, sai an yanko sabo an fitar masa da zaren ɗaura noti a Maƙarfi. Ya shiga gida ya ɗauko tef ɗin awo ya miƙa masa.

Maiwada ya dubi tef ɗin kamar an miƙa masa abin wasa. "Tef na masu koyo ne. Lamba tana ɓacewa a ka. Ni abin da ido ya gani nake kaiwa." Ya zaro sandar rake guda daga ɗaurin da ke jingine a zaure, ya ɗora ta daga hannun sitiyari zuwa taya, ya sare daidai wurin da adda. Kuma a gaskiya awon ya yi daidai, ko gashi bai rage ba. Da raken ya isa Maƙarfi yadda ya bar Likoro, da wannan labari bai samu ba.

Ranar Laraba, ranar kasuwa, ya shiga motar haya da rakensa a hannu. Ba su yi nisa ba taya ta fashe, kuma direba ba shi da ta canji. Aka sauko aka zauna gindin wata ƙaramar bishiya, rana ta take, ba ruwa ba mai talla. Maiwada ya dubi raken, raken ya dube shi. Ya ce a ransa, gaɓa ɗaya ai ba komai, in na je sai in ce a ƙara gaɓa ɗaya. Ya karya.

To, ɗan ƙasar rake ba ya shan rake shi kaɗai a gaban mutane. Bakinsa da kansa ya ce, "Bismillah," kamar yadda aka saba, don a ce masa "Alhamdu lillahi" a bar shi. Amma ranar kowa na jin ƙishi. Wani tsoho mai carbi ya ce, "Madalla, ɗana," ya miƙo hannu. Wata mai goyo ta ce, "Allah ya biya." Direba ma ya fito daga ƙarƙashin mota da baƙin hannu ya ce, "A taimaka wa ma'aikaci." Wa zai ce wa tsoho wannan ba rake ba ne, ma'auni ne? Maiwada ya yi ta karyawa yana lissafi a zuci, ana hira ana tsotsa, har ya shiga ba su labarin Ƙadangare, ya ɗauki guntun yana nuna musu yadda zai hau dutse, ya gatsa ba tare da ya sani ba.

Ya isa shagon Safiyanu mai yankan ƙarfe da abin da bai fi kamu ɗaya ba. Ya ajiye a kan tebur ya ce, "Wannan tsawon, ka ƙara gaɓa huɗu."

Safiyanu ya juya guntun, ya ga sawun haƙori. "Gaɓar gindi ko ta sama? Ai ba tsawonsu ɗaya ba."

"Matsakaiciya."

"Kuma ka tabbata huɗu ne?"

Maiwada ya ƙirga da yatsa: shi, tsoho, mai goyo, direba. "Huɗu."

"Kai sau ɗaya ka sha?"

"Malam, injiniya ne ke maka magana. Yanka."

Safiyanu ya yanka.

Da aka dawo gida, ƙarfen ya gaza da kusan taƙi guda. Wani da sai ya koma Maƙarfi. Maiwada kuwa ya kama tayoyin gaba ya karkato su hagu har suka zo suka sami ƙarfen, ya ɗaure. Ƙadangare ya tsaya yana harara gefe kamar ɗan akuyan da aka ja wa kunne. In ana so ya tafi sak, sai an murɗe sitiyari dama har ƙarshe an riƙe da ƙarfi. Da hannunsa ya gaji, ya shiga gida ya kwance igiyar gugan Hussaina, ya ɗaure sitiyarin a jikin keji.

"Maigida, igiyar nan ta tsufa, jiya ma sai da na ƙulla ta wuri biyu."

"Guga take ɗauka cike da ruwa. Sitiyari ai iska ne."

Markus ya ce, "To in ka zo kwana fa?"

"Wace kwana? Dutsen Gwauro a gaba yake. Sak zan hau, sak zan sauka."

Asabar ta zo. Tun da sassafe 'yan gayya suka shiga fadama da adduna, da kiɗa da waƙa, kafin rana ta yi tsaka sun kwantar da raken Malam Bobbo kaf, noman shekara guda. Suka zagayo filin matsa don su ga hawan dutse. Mutanen Likoro suka fito, har da na ƙauyukan kusa, masu ƙosai suka kafa kasko. Malam Bobbo yana zaune kan buzunsa a gindin tsamiya, Akawal na ɗaure a gefe yana kora ƙuda da wutsiya.

Sai ga Maiwada cikin farar babbar riga ta sallah, da hula zanna, da tabarau na walda a goshi. Aka saita masa hancin Ƙadangare ya dubi dutse. Ya tsaya kan taya ya yi jawabi. Ya ce yau jaki ya zama tarihi. Ya ce nan da baɗi mutanen Kudan da Ikara za su riƙa yin layi a ƙofar shagonsa. Ya ce wanda ke da waya ya ɗauka, don jikoki. Ya ɗaure totur da roba don kada inji ya yi sanyi a tsakiyar hawa, ya shiga keji, ya tattara riga, ya danna giya ta shiga da kururuwa.

Kuma wallahi ya tafi. A hankali, kamar mai takaba, amma ya tafi, sak. Ya isa gindin dutse. Tayar gaba ta dafa dutsen farko ta hau. Jama'a suka ɗauki sowa. Maiwada ya saki sitiyari ya ɗaga hannu biyu yana amsawa.

Tayar ta sauka ta bayan dutsen da ƙarfi. Igiyar guga ta ce ɗas.

Sitiyari ya juya da kansa kamar mazari, ya tafi hagu har ƙarshe, wani abu ya ce ƙwas a ƙasa, ya cije. Maiwada ya kama ya ja, ya sa ƙafa ya tokare, ko motsi. Ƙadangare ya juya wa Dutsen Gwauro baya cikin natsuwa, ya sauko, ya nufo jama'a. Aka watse. Masu ƙosai suka ɗauke kasko da gudu, Maman Serah na cewa, "Na faɗa muku! Ku kawar da duk abin da ke hagu!"

Malam Bobbo kaɗai bai motsa ba. Ƙadangare ya wuce ta gabansa da kamu biyar, ya bi ta bayan tsamiya, ya sake fitowa ta gabansa, a kan sawunsa na farko daidai. Ya kama zagaye tsamiya da dattijo a tsakiya.

To, mutum ba ya wuce surukinsa bai gaishe shi ba. Da Maiwada ya zo daidai buzu, ya zame daga kujera ya rage tsawo iyakar yadda keji ya bari, ya ce, "Barka da hutawa, Baba."

"Barka kadai," in ji Malam Bobbo.

Aka zagayo.

"Ina gajiya, Baba?"

"Ba gajiya."

Aka zagayo.

"Yaya iyali?"

"Lafiya lau. Ka gan su nan suna kallonka."

Jama'a suka dawo suka yi da'ira, don sun ga abin ba ya fita daga sawunsa. Markus ya matso yana ɗingishi, ya jera da motar yana tafiya a ƙasa, hannu a baya, don saurinta bai fi nasa ba. Ya ce, "Injiniya, in rufe mai?"

"Kada ka taɓa! Zafi nake ba inji."

"Dutsen yana can."

"Na san inda yake. Ba gudu zai yi ba."

Ana cikin haka, gefen babbar riga ya zubo ta ƙasan kujera, farfela ta kama shi. Ita ma ba ta yi gaggawa ba, ta riƙa naɗewa kaɗan-kaɗan kamar mai kaɗi. Maiwada ya ji ana jan sa ta baya. A zagaye na bakwai hannun riga ɗaya ya tafi. A na takwas wuyan ya shaƙe shi, ɗinkin aska tara na gaban rigar ya koma ƙeya. A na tara ba shi da zaɓi, ya sunkuya ya zare kansa, rigar sallah ta shige ƙasa gaba ɗaya, ta bar shi da singiletin aiki mai hudar tartsatsin walda ta fi talatin. Hussaina ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Wayoyi kuwa duk suna sama, don jikoki.

Ya zo daidai buzu. Gaisuwa ta ƙare masa, ya rufe ƙirji da hula ya ce, "Sannu dai, Baba."

Wannan karon Malam Bobbo ne ya yi tambaya. "An ce mini gonar duka aka sare."

Aka zagayo. "Eh, Baba."

"Kunya goma na ce."

Aka zagayo. "Haka ne, Baba."

"Masu jakuna fa?"

Wannan zagayen Maiwada ya so ya fi haka tsawo. "Na sallame su, Baba."

Dariya ta mutu a filin. Kowa a wurin ya san abin da ake nufi: rake na kwance a rana, doki ɗaya tsoho wanda ba ya wuce rabin yini yana aiki, kwana uku kuma tsami. Abincin gidan Malam Bobbo na shekara ke nan. Markus ya ɗaga hannu zai rufe mai.

"Dakata, Markus," in ji dattijon.

Ya tashi a hankali, ya karkaɗe riga. Ya taka daga gindin tsamiya zuwa sawun taya yana ƙirga taku. Ya jira motar ta wuce, ya tsallaka, ya je wajen injin matsa ya taka daga gindinsa zuwa hanyar da kofaton Akawal ya fitar shekara da shekaru. Ya dawo ya tsaya yana kallon Ƙadangare har zagaye biyu, kai a karkace, kamar mai tayin doki a kasuwa.

"Markus, abin nan yana gajiya?"

"In da mai a ciki, Malam, sai dai mai tuƙin ya gaji."

"Yana cin dusa?"

"Ba ya ci."

"Yana iya kauce wa sawun nan?"

"Ko an roƙe shi ba zai iya ba."

"To kashe. A turo shi nan."

Aka kashe, aka warware abin da ya saura na riga, 'yan gayya suka tura Ƙadangare kan hanyar doki. Aka kwance dogon itacen daga wuyan Akawal aka ɗaure a jikin keji. Malam Bobbo ya aika a ba masu jakuna haƙuri, suka zo suna murmushi har kunne. Aka hura wuta ƙarƙashin kasake duka. Sannan dattijon ya juyo wajen surukinsa, wanda ke durƙushe cikin singileti, ya ce da murya mai taushi, "Injiniya, bismillah. Hau."

Ranar ce ta farko da ya kira shi da sunan.

Kwana uku Maiwada yana zagaye, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, ba ya sauka sai salla da cin tuwo, in ya sauka ma sai ya yi taku biyar hagu kafin ƙafarsa ta yarda da hanya. Injin matsa bai taɓa shan aiki irin wannan ba. Ruwan rake ya yi ta kwarara, mata na kwashe mazarƙwaila suna jerawa, ƙamshi har bakin titi. Ko sanda ɗaya ba ta yi tsami ba. Maman Serah ta kawo masa ƙunshin yaji ta ce na motarsa ne, ladan daka. Hussaina kuwa kullum in ta kawo abinci sai ta tsaya a gefe ta jira ya zagayo, ta miƙa kwano, ta ce miyar sai zagaye na gaba.

Akawal, da ya ga ba aiki, aka ɗora masa ɗaurin rake shi ma. Shi bai bi hanyar jakuna ba. Ya san wata 'yar siririyar hanya tun yana ɗan dukushi, ya bi ta ya haye Dutsen Gwauro da kayansa. A rana ta uku da la'asar ya tsaya a can ƙoli, iska na kaɗa gezarsa, yana kallon ƙasa inda Injiniya ke zagaye a gurbinsa.

Markus ya nuna shi da baki ya ce, "Maƙwabci, ga wani can ya hau."

Maiwada ya ɗaga kai ya duba, motar ta juya da shi, ya jira ta dawo da shi. Sannan ya gyara zama a kujerar wanzami ya ce, "Wa ya ba shi hutun da ya hau? Ni dai na ce za a bi ta kan dutse da rake, an bi ko ba a bi ba? Kai kana gani awon nan kuskure ne. Ka san lissafin da na yi kafin da'irar nan ta zo daidai da ta doki?"

"Gaɓa nawa ne lissafin?"

Maiwada ya buɗe baki zai amsa, sai ga shi daidai tsamiya, inda Malam Bobbo ke zaune yana ɓantarar sabuwar mazarƙwaila. Ya zame daga kujera, ya rage tsawo.

"Barka da yamma, Baba."

"Barka kadai," in ji dattijon. "A ci gaba."